Kaburbura Marasa Suna: Daga Ngojin Zuwa Saliyo da Bahiya

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce mutuwa rigar kowa. Wannan gaskiya ce, sai dai ba kowa ne tarihi yake tuna ranar da ya sa tasa rigar ba. Duk wanda ya duba littattafan tarihinmu na dauri zai tarar yawancinsu jerin sunayen sarakuna ne. Diwanin sarakunan Barno, wanda Heinrich Barth ya sami kwafensa a Kukawa cikin shekarar 1851, yakan kawo sunan Mai da na mahaifinsa, sau da yawa har da na mahaifiyarsa, da yawan shekarun da ya yi bisa gado, da wurin da ya cika. Tarihin Kano ma haka ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Amma mutanen da suka gina ganuwa, suka yi noman gandu, suka ɗauki kayan fatake a ka, ba a ambaton su sai a dunƙule, a ce bayi kaza ko mutane masu yawa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun wasu daga cikin irin waɗannan mutane, musamman waɗanda cinikin bayi ya raba da ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19, suka ƙare a maƙabartun matalauta na wasu ƙasashe. Za a fara daga Ngojin ta ƙasar Potiskum, a leƙa Saliyo da Barazil, a dubi yadda masana da 'yan sa kai suke tono sunayensu daga tsofaffin takardu, sa'annan a dawo gida a ga abin da ya rage a wuyanmu.

2.0 Kabari Marar Alama da Kabari Marar Suna

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. A ƙasar Hausa da Barno, da mai kuɗi da talaka duk farin ƙyalle ne likkafaninsu. A yi wa mamaci wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, a jera itace, a rufe da ƙasa. Alamar da akan sa ba ta wuce tsingaro ko dutse ko reshen itace ba, damina biyu ko uku kuwa ta isa ta shafe ta. Rubuta suna a jikin allon ƙarfe ko siminti baƙon abu ne, har yanzu ma akwai malaman da ba su sake da shi ba.

Duk da haka ba a ce mamacin ya ɓace ba, domin sunansa yana bakin danginsa. Ana yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ana raba gadonsa a gaban shaidu. Idan aka haihu a gidan, a mayar wa jariri da sunansa, a riƙa kiran yaron Abba ko yarinyar Ummi saboda alkunya. Tsofaffin mata da maroƙa kuma suna riƙe da salsala. Ke nan a wurinmu, bakin jama'a shi ne allon kabari.

Wanda ya ɓace na haƙiƙa shi ne wanda ya mutu inda ba wanda ya san sunan ubansa: bawa da aka sauya wa suna, da baƙon da ciwo ya kayar a zango, da mayaƙin da ya faɗi nesa da gida. Misali yana nan kusa. A Burmi, kusa da Bajoga, inda aka gwabza ranar 27 ga Yuli, 1903, an san kabarin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, an kuma san na Manjo Marsh, jagoran sojan Ingila da ya mutu a wannan rana. Ɗaruruwan mutanen da suka kwanta tare da Attahiru kuwa, waɗanda suka baro Sakkwato da Kano da sauran garuruwa da niyyar hijira zuwa gabas, ba su da jerin sunaye.

A Turai da ƙasashen Amurka kuwa, talauci kansa ya isa ya raba mutum da kabari nasa na kansa. Can an daɗe ana sayen wurin binnewa da kuɗi, saboda haka aka keɓe wasu filaye domin matalauta da fursunoni da baƙi, a haƙa rami ɗaya a zuba mutane da yawa. A tsibirin Hart na birnin New York kaɗai, an binne fiye da mutum miliyan ɗaya ta wannan hanya tun daga 1869. Irin waɗannan filaye ne suka karɓi gawawwakin mutanenmu da aka ƙetare teku da su.

3.0 Ngojin a Cikin Littafin Koelle

Ngojin ɗaya ce daga cikin tsofaffin garuruwan Ngizim, yau kuma tana cikin mazaɓar Ngojin da Alaraba a Ƙaramar Hukumar Potiskum ta Jihar Yobe. Ngizim sun daɗe a cikin rubutaccen tarihi. Limamin Mai Idris Alauma, wato Ahmad ibn Fartuwa, ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ubangidansa ya yi da su a littafin da ya rubuta cikin 1576. Sai dai a can an ambace su ne a matsayin al'ummar da aka kai wa yaƙi. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, ƙasarsu ta zama kan iyaka tsakanin Barno da masarautun gabas na daular Sakkwato, irin su Katagum da Misau. Mazauna kan iyaka kuwa su ne abincin mahara daga kowane ɓangare.

Abin mamaki, wuri na gaba da sunan Ngojin ya ɓulla shi ne bakin tekun Saliyo. Dalili kuwa shi ne, bayan Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, sai jiragen yaƙinta suka shiga tare jiragen bayi a teku suna kai su Firitawun, inda kotu take 'yanta mutanen da ke ciki. Daga 1808 zuwa shekarun 1860, kusan mutum 100,000 aka sauke a wannan gari. Akan tara su a wani fili da ake kira King's Yard, wanda ƙofarsa da aka gina a 1817 take tsaye har yau. Magatakarda yakan rubuta sunan kowa kamar yadda kunnensa ya ji, da jinsinsa, da ƙiyasin shekarunsa, da tsawonsa, da irin tsagen da ke fuskarsa ko jikinsa. Da yawa daga cikinsu sun sauka ne a galabaice, ajali ya cim musu cikin 'yan makonni, aka binne su ba dangin uwa ba na uba. Layi ɗaya a cikin rajista shi ne duk abin da suka bari.

A cikin 1847 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Sigismund Koelle ya sauka a Firitawun, ya zama malami a makarantar Fourah Bay. Da ya ga garin ya tara mutane daga kusan kowane lungu na Afirka, sai ya shiga bin su yana tambayar kalmomin harsunansu. Sakamakon wannan aiki shi ne littafin Polyglotta Africana na 1854, wanda ya jera kalmomi da gajerun jimloli kusan 300 a harsuna fiye da 100. A ciki akwai Hausar Kano da ta Katsina, akwai Barbarci, akwai kuma harsunan ƙasar Yobe ta yau: Pika, wato Bolanci na Fika, da Karekare, da Bode, wato Bade, da Doai, wato Duwai. A tsakaninsu akwai wani harshe da Koelle ya sa wa sunan da ake karantawa Ngojin, shi ne harshen Ngizim.

Abin da ya ƙara wa littafin daraja a wurin mai neman salsala shi ne gabatarwarsa. Koelle ya rubuta sunan mai ba shi kalmomi, da garin da aka haife shi, da yadda aka kama shi, da garuruwan da ke maƙwabtaka da nasu, da shekarun da ya yi rabonsa da gida, har da yawan 'yan ƙabilarsa da ke zaune a Saliyo. Ashe ke nan wajen shekara 175 da suka wuce, wani ɗan wannan yanki ya zauna a gaban Bature a bakin teku yana ƙirga ɗaya, biyu, uku da harshen da uwarsa ta yi masa reno da shi. Fiye da ƙarni guda bayan haka, Russell Schuh, wanda ya zauna a Potiskum yana nazarin Ngizim a 1969 da 1970, ya ɗauki waɗannan kalmomi ya gwada su da harsunan Bade da Ngizim da Duwai na zamani a wata maƙala ta 1975, kafin ya fitar da ƙamus ɗin Ngizim a 1981.

Wanda labarinsa ya fi fitowa fili a cikin mutanen Koelle shi ne Ali Eisami, Babarbare ɗan malami daga yankin Gazir, kusa da Gazargamu. An kama shi a hargitsin da ya biyo bayan faɗuwar birnin, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa da Yawuri da Bargu har ƙasar Oyo. Daga can aka kai shi bakin teku, jirgin Ingila ya tare nasu, ya sauka a Saliyo cikin 1818, aka laƙaba masa suna William Harding. Shi ne ya koya wa Koelle Barbarci, ya kuma ba shi labarin rayuwarsa da bakinsa. Mun san Ali Eisami ne domin ya sami mai saurarensa. Dubban da suka bi hanya ɗaya da shi ba su sami wannan gata ba.

4.0 Filin Albarushi na Bahiya

Ba kowane jirgi aka tare ba. Da yawa sun kuɓuce sun isa Barazil, musamman birnin Salvador na lardin Bahiya. Tun daga farkon jihadi a 1804, fursunonin yaƙi daga ɓangarorin biyu suka riƙa gangarawa kudu zuwa tashoshin Ikko da Wida da Ajase. A takardun Bahiya ana kiran Hausawa Ussá ko Aussá, Nufawa Tapa, Yarabawa Nagô, mutanen Barno kuma da sunan ƙasarsu. A wajen 1819 wani masanin Barazil, José Bonifácio, ya yi hira da Hausawa shida yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. Sun ambaci ƙasashensu, irin su Kano da Daura da Gobir da Kabi, amma sunayen da aka rubuta musu na baftisma ne. Haka kuma ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya buga hirarrakinsa da wasu Hausawa a 1851.

Waɗannan mutane ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. A watan Mayu 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo wani shirin bore na Hausawa. A Janairu 1809 aka yi wani boren a karkara, a Fabrairu 1814 kuma bayi masunta suka tayar a Itapuã, inda takardun shari'a suka kira jagoransu malomi, kalmar da masanin tarihi João José Reis ya danganta da malami ta Hausa. Mafi shahara shi ne boren daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, a ƙarshen watan azumi, wanda Musulmin Yarabawa suka jagoranta. A cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe 'yantacce, mai sayar da taba, wanda takardu suka kira Elesbão do Carmo, jama'a kuma suke kira Dandará. An sami layu da rubuce-rubucen Larabci a jikin waɗanda aka kashe, suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na Bahiya.

To, ina aka kai gawawwakin? A wancan zamani masu hali a Salvador cikin coci ake binne su. Sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai, har ma da aka kafa dokar hana shi, sai suka yi zanga-zanga ranar 25 ga Oktoba, 1836, suka rusa sabuwar maƙabartar da aka gina a wajen gari. Bayi da matalauta da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa kuwa, wurinsu daban ne, kusa da wani fili da ake kira Campo da Pólvora, wato Filin Albarushi. Ƙungiyar agaji ta Santa Casa da Misericórdia ce take kula da wurin. Akan ɗauko gawa a wata makara da ake kira banguê, a jefa a rami marar zurfi tare da wasu, har dabbobi kan tono. Nan aka zuba waɗanda suka mutu a boren 1835. Nan ma aka binne mutum huɗun da aka harbe ranar 14 ga Mayu na wannan shekara, wato Jorge da Cruz Barbosa da Pedro da Gonçalo da Joaquim, bayan an rasa wanda zai yarda ya rataye su.

An rufe maƙabartar a 1844, gari ya bunƙasa ya haɗiye ta, har aka manta takamaiman inda take. Abin da ya rage shi ne littattafan kuɗin makara, waɗanda ƙungiyar ta fara rubutawa tun 1742. Tun da ubangidan bawa ne yake biyan kuɗin ɗaukar gawa, sai akawu ya rubuta sunan mamacin na baftisma in yana da shi, da ƙabilarsa, da sunan mai shi, da abin da aka biya. Littafin da aka buɗe domin lissafin kuɗi shi ne ya zama kundin sunayen matattu.

Sai a 'yan shekarun nan wata mai nazarin tsarin birane a Jami'ar Tarayya ta Bahiya, Silvana Olivieri, ta ɗora tsofaffin taswirori a kan hotunan tauraron ɗan'adam, ta gano cewa maƙabartar tana ƙarƙashin wani filin ajiye motoci a harabar da ake kira Pupileira. A watan Mayu 2025, shekara 190 cif bayan harbe mutanen nan huɗu, masu binciken kufai suka haƙa suka tarar da ƙasusuwa da haƙoran mutane. Masu binciken sun ƙiyasta cewa waɗanda aka binne a wurin cikin kimanin shekara 150 za su kai 100,000. A cikinsu akwai Kanawa da Gobirawa da Barebari da Nufawa, waɗanda motoci suka yi shekaru suna tsayawa a kansu.

5.0 Aikin 'Yan Sa Kai

Abin lura a nan shi ne, yawancin irin wannan aiki ba hukuma ce take fara shi ba. A birnin Rio de Janeiro, cikin 1996, wasu ma'aurata ne suna gyaran gidansu a unguwar Gamboa sai magina suka ci karo da ƙasusuwa. Ashe gidan yana kan maƙabartar Pretos Novos, inda ake zubar da bayin da suka mutu da saukarsu daga jirgi, har zuwa 1830. Maimakon su rufe bakinsu su ci gaba da gini, sai suka sanar, daga baya suka mayar da wurin cibiyar bincike a 2005. A birnin Bristol na Ingila, wasu 'yan sa kai masu sha'awar tarihi suka bi rajistar mace-mace ta gidan matalauta na Eastville shafi bayan shafi, suka fitar da sunayen mutum 4,084 da aka binne ba alama a wani fili tsakanin 1851 da 1895. Irin wannan matsin lamba na masu bincike ne kuma ya sa hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kaɗan.

Wanda ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne aikin da David Eltis da G. Ugo Nwokeji suka fara a kan rajistocin 'yantattun bayi na Firitawun da Habana. An tattara sunaye fiye da 91,000, a 2011 kuma aka buɗe shirin African Origins a Jami'ar Emory ta Amurka, inda aka ɗauki muryoyin masu furta sunayen, aka roƙi 'yan Afirka na gida da na waje su saurara su faɗi harshen da kowane suna ya fito. Hikimar ita ce, magatakardan Ingila ko na Sifen ya rubuta abin da ya ji ne da ƙa'idar rubutun harshensa, saboda haka ido kaɗai ba zai gane sunan ba sai an haɗa da kunne.

A nan ɗalibin Hausa yana da abin da babban farfesan Turai ba shi da shi. Ɗauki misali a ce an rubuta Owdoo ko Garooba. Bahaushe na jin an furta zai ce Audu ne da Garba. Ya san Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai sunayen rana ne. Ya san Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo kuwa mai bin tagwaye. Ke nan daga suna ɗaya ana iya hango wani abu na gidan da aka raba mutum da shi. Idan aka haɗa da bayanin tsage, wanzami tsoho zai iya rarrabe zube da kalangu da bille, ya ce wannan askar Gobirawa ce, waccan ta Barebari. Sunayen Ngizim da Karekare da Bolewa da Bade kuwa, ba mai tsamo su daga cikin dubban nan sai 'ya'yan waɗannan harsuna.

Sai dai aikin yana son taka-tsantsan. Sunaye irin su Muhammadu da Adamu da Fatsuma na Musulmi ne baki ɗaya, Bahaushe da Bafillace da Banufe da Bayarabe duk suna amsa su. Haka nan Bahaushe na iya jin Dandará ya ce ai Ɗan Daura ne, amma kamar da wane ba ta wane. Suna ba ya zama hujja sai an sami tashar da jirgin ya taso, da shekarar, da sunayen sauran mutanen da ke cikinsa, duk sun nuna wuri guda.

6.0 Saura na Gida

Ba daidai ba ne mu yi ta juyayin Bahiya mu manta cewa igiyar daga gida aka fara ɗaura ta. Waɗanda aka ƙetare teku da su kaɗan ne a kan waɗanda suka ƙare a rumada da gandayen sarakuna a nan cikin ƙasa. Sauya wa bawa suna kuma ba Turawa kaɗai suka yi ba. Sunaye irin su Barka da Nasamu da Allah-bar-Sarki, waɗanda manyan bayin fadar Kano suka amsa, shaida ne a kan haka. Dokar Lugard ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Bayan bayi akwai waɗanda yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe a kan hanya, da waɗanda annobar Marisuwa ta 1918 ta kwashe, da leburorin aikin tilas na haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, da mahajjatan ƙasa da suka kwanta a hanyar Sudan. A zamaninmu ma ƙasar Potiskum ta ga harin kasuwar shanu na Mayu 2012, da na makarantar Mamudo ranar 6 ga Yuli, 2013, da na makarantar kimiyya ranar 10 ga Nuwamba, 2014. Waɗanda suka san sunayen mamatan nan suna raye, kuma yau ne rubuta su yake da sauƙi.

Kayan aiki suna nan. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin gundumomi da rajistocin bayin da aka 'yanta a farkon mulkin Turawa. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. Littattafan kotunan alƙalai cike suke da shari'o'in gado da fansa da murgu, inda talaka yake fitowa da sunansa da na ubansa, kamar yadda Allan Christelow ya nuna a 1994 da ya buga shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a 1949 da 1950, ya nuna cewa tsohuwa ɗaya tana iya riƙe sunayen mutanen rinji guda. Ɗalibin da ya je hutu zai iya zama da limamin unguwa, da mai unguwa, da masu haƙar kabari, da tsofaffin mata, ya tambayi inda tsohuwar maƙabarta take, da ɓangaren da ake kai baƙi, da wanda aka binne a shekarar kaza. Ya rubuta sunan mai ba da labari da ranar hira, ya ajiye kwafe a sashe.

Wani zai ce wannan tone-tone ne, kaza kuwa garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin har gobe ana gorin asali, ana fasa aure a kan zancen bauta. Saboda haka dole mai bincike ya riƙe amana. Ba a taɓa kabari, ba a kuma danganta wani gida mai rai da bauta a rubuce sai da yardar masu gidan. Amma kunyar bauta tana kan wanda ya kama ɗan mutane ya sayar, kuma shirun da muke yi shi yake rufa wa asiri, ya bar wanda aka zalunta a ɓace. Ga shi kuma garuruwa suna faɗaɗa, ana yanka filaye a kan tsofaffin maƙabartu, tsofaffin da suka san iyakokinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sami Filin Albarushi yana iya samun kowace tsohuwar maƙabarta a ƙasar nan.

7.0 Kammalawa

An ga yadda sunan Ngojin ya bi wani ɗan ƙasar Ngizim har Saliyo, ya shiga littafi a 1854, ya jira har masu nazarin harshe suka dawo da shi gida. An ga kuma yadda Hausawa da maƙwabtansu suka kwanta a ramin matalauta na Bahiya, ba abin da ya riƙe ambatonsu sai littafin akawu da takardun kotu. A duk wuraren nan, mutane ƙalilan ne masu haƙuri suka zauna da tsofaffin rajistoci suka mayar da adadi ya koma sunaye. Rajistocin Firitawun suna buƙatar kunnen da ya san Hausa da Ngizim da Barbarci, tsofaffin Ngojin da Mamudo da Fika kuma suna buƙatar wanda zai zauna ya tambaye su tun suna da rai. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, wannan waiwayen kuwa bashi ne da ke kan masu ilimin wannan yanki. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda muke nema.